Kason Gidanmu a Filin Jirgi

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji biyar na firamare. Na taso daga makaranta, ko riga ban sake ba na ɗauki tsintsiya na nufi filin jirgin da ke bayan garinmu don in share kason gidanmu. Rana ta take, ƙasar filin ja wur, tana huci saboda ruwan da aka yi shekaranjiya. Ina cikin shara ina 'yar waƙata sai na ji ƙafata ta dama ta burma har ƙwauri. Na zaro ta da sauri, takalmin ya tsaya a ciki. Da na durƙusa na leƙa sai ga gara fari fat suna ta hawa kan juna. Na zura hannu har kafaɗa, ban taɓo ƙarshen ramin ba. Na waiga gabas, na waiga yamma, babu kowa sai awaki biyu a gindin wata aduwa. Ban gaya wa kowa abin da na gani ba. Shekara goma sha biyu na yi da shi a cikina, sai makonni biyu da suka wuce ya fito. Yanzu haka a Tambuwal nake rubuta wannan, a ɗakin Gwaggona.

Duk wanda ya ji an ce filin jirgi zai zaci wani babban wuri ne mai kwalta da fitilu. Namu ba haka yake ba. Miƙaƙƙen fili ne na jar marmara a wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe, ya fara daga bayan rijiyar gari ya tafi har bakin daji, takin babban mutum dubu da 'yan kai. Hagunsa da damansa fadama ce, da damina ko jaki ya shiga sai an jawo shi, shi kuwa filin an ɗaga shi sama, ruwa ba ya kwana a kansa. Tun zamanin kakana aka yi shi. Malaman gona ne suka zo suka ce in ana son jirgin feshi ya riƙa zuwa kashe tsuntsayen jan-baki, to sai an yi masa masauki. Garuruwa uku suka yi gayya, maza na sara, jakuna na jigilar marmara, mata na kawo ruwa da fura, har rani biyu. Abin da ke wurin duka-duka bai taka kara ya karya ba: ɗaki ɗaya na kwano da ake ajiye gangunan mai da na magani, jerin duwatsu a gefe da gefe da ake shafa wa farar ƙasa, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen aduwa a matsayin ƙararrawa, sai doguwar sanda mai jan ƙyalle buɗe ta kai da gindi, wanda ke nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. Mu yara ƙafar wando muke ce masa. Akwai kuma oba-oba, rediyon magana da na nesa, a cikin ɗakin, amma ni tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi magana ba. Saƙon zuwan jirgi malamin gona ne ke kawo shi daga Kebbe a kan babur.

Mahaifina, Malam Garba, shi ne mai kula da wurin, ya gaji kakana. Sarkin Fili ake ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana, shi kuma ya karɓi sunan hannu biyu. Jirgi sau ɗaya yake zuwa a shekara, wata shekarar ma ba ya zuwa, saboda haka aka yi wani tsari da ban taɓa jin irinsa a wani gari ba. An raba filin gida-gida. Daga wannan farin dutse zuwa wancan, kason gidan wane ne. Matan gidan su yi shanyarsu a kai yadda suke so, barkono da kuɓewa da gyaɗa da yakuwa, domin duk faɗin ƙasarmu babu wuri mai tauri da tsabta kamarsa. Su kuma ladan da za su biya shi ne kada tsiron ciyawa ko kashin shanu ko ramin gara ya kwana a kasonsu. Har Fulanin da ke sauka a gefenmu da nasu kason, can wajen daji, kuma wuri ɗaya tak aka yarda shanu su tsallaka. In ka tsaya a bakin rijiya da kaka ka hango filin, kamar an shimfiɗa doguwar atamfa: ja, kore, ruwan ƙasa, ja. A nan muka koyi gaɗa da 'yar gala-gala, a nan yara maza ke tseren garen taya. Da zarar Baba ya buga ƙarfe sau uku, kowace mace ta zo da gudu ta tattara nata, kafin a ƙifta ido fili ya koma fayau.

Kullum bayan sallar asuba Baba zai ɗauki wata gora mai kan ƙarfe ya bi filin daga wannan kai zuwa wancan, yana dukan ƙasa duk taki biyu. Sau da yawa ina biye da shi da butarsa. Inda ƙasa take da ciki sai ta ce tim. Inda gara ta cinye ta ta ƙarƙashi sai ta ce ƙwal, kamar an buga ƙwarya. "Kulu, bar kallo, saurara," haka yake ce mini. In ya ji ƙwal sai ya zana da'ira da kan gorar ya aika a kira mai gidan da ke da kason. Gyaran ramin gara kuwa ba wasan yara ba ne. Sai an haƙa har an kai ga uwar garar an fitar da ita, a zuba baƙin mai, a jera duwatsu, a zuba marmara kaɗan-kaɗan ana kirɓawa da taɓarya. Aikin maza biyu ne na kwana uku. Kuma duk gidan da aka zana wa da'ira sai an yi mako ana yi musu dariya a bakin rijiya, a ce matan gidan barci suke har gara ta yi musu gini a ƙarƙashin shanya.

Wannan dariyar ce ta fara zo mini a rai ranar Alhamis ɗin nan, ina durƙushe da hannu cikin rami. Inna tana jego, kwananta tara da haihuwar ƙanena, shi ya sa kason ya dawo hannuna. Baba kuwa ya tafi Kebbe tun da safe wurin malamin gona, saboda jan-baki sun sauka.

Wanda bai ga jan-baki ba ba zai gane ba. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, bai kai tafin hannun yaro ba, amma in suka taso daga fadama da sassafe sai ka rantse hadari ne. Shekarar nan dawa da maiwa sun yi kyau irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba, ƙwayar tana cikin ruwan nono, daidai yadda tsuntsun ke so. An tashi makaranta da wuri duk makon don a tafi tsaro. Kowace gona an kafa rumfa mai tsawo, an ja igiyoyi an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Muna hawa mu ja igiya, mu wulla majajjawa, mu yi ihu har murya ta dishe. Ka kore su nan su sauka can, ka juya can su dawo nan. Kowa ya san ihu ba ya korar jan-baki, jinkirta su kawai yake kafin jirgi ya iso. Da la'asar Baba ya dawo da fara'arsa ya ce jibi, Asabar, jirgi zai sauka. Aka yi ta guɗa a gidaje.

Ni kuwa lissafina na 'yar shekara goma sha ɗaya ne. In na faɗa, gyara kwana uku ne, jirgi kuma saura kwana biyu. In na faɗa, za a ce gara ta ci kason Sarkin Fili da kansa. Kuma ga wani abu da nake jin kunyar faɗa har yau: ina ji da kaina. A ranin shekarar Inna ta koya mini daɓe. Ni na riƙe madaɓi lokacin da aka yi wa ɗakinta sabon ƙasa, na iya kwaɓa yumɓu da tsakuwa, na iya jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a yayyafa a yi ta bugu har ƙasa ta yi sulɓi tana ƙyalli. Mata sun ce hannuna ya fi na wasu matan auren. Sai na ce a raina, ai rami rami ne. Na faki idon mutane na kwaso karan dawa na bara da ƙaiƙayi na cusa a ciki har ya cika. Na ɗebo yumɓu a bakin fadama na lulluɓe, na sato madaɓin Inna da sauran makubarta, na yi ta bugu har magariba. Washegari na sake yayyafi na sake bugu, na barbaɗa jar tsakuwa a kai. Rana ta gasa shi. Wallahi duk filin nan babu inda ya kai wurin kyau. Wata maƙwabciyarmu da ta zo kwashe barkononta har tsayawa ta yi ta shafa shi da ƙafa, ta ce, "Oh ni, wagga ɗiya! Ɗakin amarya kike ma jirgin?" Na yi dariya, na ji daɗi.

Safiyar Juma'a da ta Asabar na bi Baba da buta. Ya yi ta bugu tun daga rijiya, tim, tim, tim. Da muka iso farin dutsen gidanmu sai ya saɓa gorar a kafaɗa, ya dubi wurin ya yi murmushi, ya wuce zuwa kason maƙwabta ya ci gaba da bugu. Duka safiyar biyu haka ya yi. Na ci gaba da bin sa da buta.

Jirgin ya iso bayan azahar. Mun ji shi kafin mu gan shi, wani ɗan ƙugi daga arewa. Baba ya buga ƙarfe, duk da tun jiya babu ko ƙwayar gyaɗa a kan filin. Garuruwa uku suka jeru a bayan fararen duwatsu, yara a kan wuyan iyayensu. Jirgin ɗan rawaya ne, mai ɗaukar mutum ɗaya, ya zagayo sau biyu yana duban ƙafar wando, sannan ya sauko ta wajen daji. Ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, ya yi tsalle kaɗan, ya taho yana rage gudu, mutane na ta kabbara. Ya wuce kason Fulani, ya wuce na gidan liman, ya wuce na maƙera. Ina ƙirga duwatsun da ido. Da ya iso namu sai na ji wata ƙara kamar an fasa babbar randa. Ƙafarsa ta hagu ta nutse, ya juya kamar wanda aka fizgo ta kunne, hancinsa ya soki ƙasa, farfelar ta tono marmara ta watsa wa mutane.

Matuƙin ya fito da kansa, jini na bin goshinsa. Ya zagaya ya tsuguna a bakin ramin, ya zaro wani guntun karan dawa ya ɗaga sama yana juya shi. Ya ɗauki ɓallin daɓena mai ƙyalli ya duba gaba da baya. Da Hausarsa irin ta rediyo ya ce, "Wane ne yake kula da wannan wuri?" Ina tsaye a bayan zanen maƙwabciyarmu, fitsari na bin ƙafata. Baba ya fito gaban jama'a ya ce, "Ni ne, ranka shi daɗe." Malamin gona ya tambayi ko kason wane gida ne. Baba ya ce, "Nawa ne." Bai ko dubi inda nake ba.

Jirgin ya yi kwana goma sha wani abu a wurin kafin a zo a kwance masa fukafukai a ɗora shi a babbar mota. Wani bai zo a madadinsa ba. Mun ci gaba da ihu a kan rumfuna har muryoyinmu suka ƙare, jan-baki kuwa suka ci abin da za su ci suka bar mana zangarniya tsaye babu ƙwaya, in iska ta kaɗa sai ta yi ƙarar busasshen ganye. Ranin shekarar nan tuwon garin rogo da tafasa muka ci. An sayar da awaki, maza da yawa sun tafi cin rani tun kafin sanyi ya shigo, nonon Inna ya ɗauke sai da aka haɗa wa jariri da kunu. Kowane kwano da aka ajiye mini sai in ga kamar ni na rage shi. Ba wanda ya ce mini uffan. A bakin rijiya Baba ake zagi, ana cewa mai duba na kowa ya kasa duba nasa.

Malamin gona ya ce an dakatar da filinmu sai an zo an sake dubawa. Baba ya haƙa ramin nan shi kaɗai, ya fitar da uwar garar, ya cika shi da dutse yadda ya kamata, ya zauna jiran masu dubawa. Na gama firamare, na tafi sakandare a Tambuwal, na gama na dawo, yana jira. An daina aiko da farar ƙasa, sai ya koma shafa wa duwatsun toka. Ƙafar wando ta yage, ya ba tela tsohon zanen Inna ya ɗinka wata. Gidajen da ke da kaso can nesa suka daina zuwa, ya ɗauki nasu ya haɗa, yana sare sabara da geza a bakin daji da hannunsa. Samari in sun gan shi da gora sai su ce, "Sarkin Fili, yau dai shina tahe?" Ya ce, "Shina tahe, in Allah ya so. Ku dai ku kau da baburanku." Ni na san abin da yake so. So yake jirgi ya sauka sau ɗaya kawai, ya tsaya lafiya, mutane su gani.

Abin da ya sauka a kan filin ba jirgi ba ne. Ranar Laraba, makonni uku da suka wuce, bayan la'asar, ina ɗiban ruwa a rijiya na ji ƙugi ta wajen daji. Allah ya sani, sama na fara kallo. Da na sauke ido sai na ga babura sun jeru a faɗin filin, kowane da mutum uku, fuskoki a naɗe. Ruwa ya cika fadama, duk hanyoyin daji sun zama laka, shi ya sa muke ganin da damina muna da sauƙi. Wuri ɗaya ne busasshe, miƙaƙƙe, babu rami babu kututture daga bakin daji har bayan gidajenmu. Na saki guga na faɗa ɗakin kwanon nan, na matse tsakanin gangunan da babu komai a ciki, na cusa gyalena a baki. Ina jin su suna wucewa ta jikin kwanon, ɗakin na girgiza. Abin da na ji bayan nan ba zan rubuta ba. Sun kora shanun gari da na Fulani gaba ɗaya, mun yi jana'izar mutum uku washegari, ɗaya ɗan ajinmu ne. Ta kan filin suka koma.

Bayan sadakar uku dattawa suka taru a ƙofar gidanmu suka ce a sare filin, a haƙa ramuka a gicciye yadda babur ba zai wuce ba. Wani da aka kashe wa ƙane ya miƙe ya ce, "Malam Garba, shekara nawa kana share musu hanya?" Aka zaunar da shi, amma maganar ta riga ta fita. Baba ya ce in aka haƙa, to jirgi ba zai ƙara sauka ba har abada. Liman ya ce masa a hankali, "Garba, ba shi zuwa." Kwana biyu Baba bai ci abinci ba, bai fita masallaci ba. Ana iya yin aikin ba da shi ba, amma babu wanda ya iya ɗaga diga ya fara. A rana ta uku da hantsi ya fito da digarsa ya nufi filin. Maza suka bi shi, kowa ya tsaya a kason gidansa. Ni na ɗauki kwando na bi shi ina kwashe ƙasa.

Wurin ya yi tauri ƙwarai, diga sai tartsatsi take. Da ya kai ga duwatsun da ya jera da hannunsa shekarun baya, yana ciro su ɗaya-ɗaya yana miƙo mini, sai kawai na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Baba, ramin nan, ni na rufe shi. Ni na sa kara." Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani tun ran nan. Wa zai zuba makuba bisa hanyar jirgi in ba ɗiyar Innarki ba?" Na ce to me ya sa bai faɗa ba, aka yi ta zaginsa. Ya share gumi da hannun riga ya ce, "Ke yarinya ce, abin da anka koya miki kika yi. Ni ne na ga wuri ya yi kyau, na ce na gidana ne, na ɗauke gora." Ya miƙo mini wani dutsen. "Kai wanga can. Kar ki tsaya, rana na yi."

Ramuka tara aka haƙa, kowane ya kai ƙugun mutum, ruwan fadama ya shige su tun kafin mu bar wurin. Washegari Baba ya sa aka kawo ni Tambuwal tare da Inna da ƙannena, domin na kasa jin babur ya wuce ban ruga ƙarƙashin gado ba. Shi ya ƙi tahowa. Na yi zaton in na faɗi abin da ke cikina zan ji sauƙi, kuma na ji, amma ba yadda na zata ba. Da ina ganin ni na kashe filin nan da karan dawa da ƙaiƙayi. Yanzu na ga mutumin da ya yafe mini tun ina yarinya ya sare shi da hannunsa don mu kwana da rai.

A da, komai tsananin shekara, muna da gonar da za mu je, da rumfar da za mu hau, da ranar da muke jira. Yara dubu na ihu a daji babu mai tsoron komai sai tsuntsu. Jiya wani ɗan garinmu da ya shigo kasuwa ya ce an fara ganin jan-baki ta wajen Kebbe, kuma dattawa sun hana kowane yaro wuce rijiya. Dawa ta fitar da kai, ta yi kyau ƙwarai. Bana ko mai yi mata ihu babu.